Agogon da Ba Ya Tambayar Isnadi

Sharhinmu na yau a kan lokaci ne, da kuma wanda muke yarda da shi ya faɗa mana ƙarfe nawa.

A ƙasashen Turai, da Amurka, da Japan, akwai agogon da ba a saita shi da hannu. Shi da kansa yake kasa kunne ga wata tashar rediyo wadda ba ta labarai, ba ta kiɗa, aikinta kawai shelar lokaci dare da rana. Ta Jamus sunanta DCF77, tana garin Mainflingen kusa da Frankfurt, tana watsawa a kan kilohaz 77.5, ana kuma kama ta har nisan kilomita 2,000. Ingila tana da MSF a Anthorn, Amurka tana da WWVB a jihar Colorado, dukansu a kan kilohaz 60. Yadda ta Jamus ke magana abu ne mai sauƙi. A farkon kusan kowace daƙiƙa takan rage ƙarfin muryarta na ɗan ƙiftawar ido: gajeren ragi na nufin sifiri, dogo na nufin ɗaya. Kafin minti ya cika ta gama faɗin awa, da minti, da rana, da wata, da shekara.

To, sai masu binciken na'ura suka nuna cewa allon kwamfuta ma zai iya kwaikwayon wannan murya. Dalili kuwa, allo yana zana hoto ne layi bayan layi, dubun dubatan layuka a daƙiƙa ɗaya, kuma duk inda lantarki ke kai da komo da irin wannan sauri, sai ya yi yoyon igiyar rediyo. Tun 1985 wani injiniya ɗan Holan, Wim van Eck, ya nuna ana iya karanta abin da ke kan allo daga nesa ta wannan yoyo. A 2001 Erik Thiele ya fitar da manhajar da ke sa allo ya buga kiɗa a rediyon AM da ke kusa. Saura ƙiris ke nan: a jera ratsin baƙi da fari yadda yoyon zai faɗa kan zangon da agogo ke saurare, a riƙa dusashe shi kamar yadda tashar gaskiya ke yi. Agogon da ke gefe zai fi jin allon fiye da tashar da ke can nesa, ya karɓi sa'ar ƙarya babu musu.

Aibin ba na allo ba ne, na agogon ne. Saƙon DCF77 yana ɗauke da 'yan alamomin gano kuskuren hanya, amma babu hatimin da ke tabbatar da wanda ya aiko shi. Yana gane tuntuɓen harshe, ba ya gane maƙaryaci. Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa daɗin lafazi ba hujja ba ne, sai an bi isnadi an san wa ya ji daga wa. Wannan agogo kuwa duk wanda ya fi ɗaga murya shi ne malaminsa.

Mai sauraro a Birnin Kudu ko Gwaram zai ce, ina ruwanmu? Tsakaninmu da Mainflingen ya wuce kilomita 4,000, irin wannan agogo ba shi da amfani a nan. Gaskiya ne. Amma wayar da ke aljihunka halinsu ɗaya. Ita ma daga turken sadarwa, ko intanet, ko taurarin GPS take ɗaukar lokaci. Da ita ladani ke duba asuba, da ita mai azumi ke ƙirga mintocin shan ruwa, da lokacin na'ura mai POS a kasuwar Gwaram ke kafa hujja idan gardamar kuɗi ta tashi, da shi ake rubuta sa'ar ba da magani a asibitoci irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Siginar GPS ta farar hula ita ma ba ta da hatimi. A 2013 masana daga Jami'ar Texas suka karkatar da wani jirgin ruwa a tekun Bahar Rum da siginar bogi, a 2017 kuma jirage fiye da ashirin a Baƙin Teku suka ga na'urarsu na cewa suna kan tudu.

Wani zai ce yoyon allo ba ya wuce taku ɗaya ko biyu, kuma masu agogon Turai da ke zaune nesa da tasha suna amfani da irin wannan dabara ne don gyara agogonsu. Haka ne, ba kuma cewa muke kowa ya tsorata da kwamfutarsa ba. Abin lura shi ne arhar abin: in allo kaɗai ya isa, mai ƙaramar na'urar watsawa fa? Ƙofar da mai gida ke shiga babu makulli, ɓarawo ma ta nan zai bi. Ba ma sai da mugu ba. A farkon 2018 saɓanin wutar lantarki tsakanin Sabiya da Kosobo ya sa agogunan da ke bin bugun lantarki a Turai suka yi lattin kusan minti shida.

Magani yana cikin al'adarmu. Ba a ɗaukar azumi don wani ya ce ya ga wata, sai an tantance shaidu, Sarkin Musulmi ya sanar. Lokaci ma a nema masa shaida ta biyu. Masallaci, da asibiti, da cibiyar jarrabawa su ajiye agogon batir mai zaman kansa, su riƙa gwada shi da na waya da na rediyo. Masu sayo wa hukuma na'urori su nemi masu tantance tushen lokaci, tunda ƙa'idar yin haka a intanet, NTS, ta fito tun 2020. Sannan kada a bar ilimin inuwa ya mutu. A Birnin Kudu zawali na faɗawa ne tsakanin sha biyu da 'yan mintoci zuwa sha biyu da rabi da ɗoriya, gwargwadon watan da ake ciki. Sanda ɗaya a tsakar gida za ta nuna maka shi, kuma babu allon da zai iya yi wa rana raɗa a kunne.

Sharhin ke nan.