Gudun Jirgin Sama da Hankalin Matuƙi

Dokar sufurin sama ta Amurka ta hana jirgi wuce gudun kilomita 463 a sa'a guda muddin bai kai ƙafa 10,000 a sama ba. Dalili kuwa shi ne, a nan ƙasa-ƙasa ne ƙananan jirage da tsuntsaye suka fi yawa, kuma matuƙi yana bukatar lokacin da zai hango abu ya kauce masa. An tsananta wannan doka bayan da jirgin kamfanin TWA ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a jihar Ohio cikin 1967.

Amma kafa doka daban, kiyaye ta daban. Jirgin da ya tashi da cikakken ƙarfin inji yana iya zarce iyakar cikin 'yan daƙiƙoƙi idan hankalin matuƙa ya koma kan rediyo ko hira. A 1974 jirgin Eastern ya faɗi yana shirin sauka a Charlotte, mutum 72 suka rasu, bincike kuma ya nuna matuƙan suna ta hirar siyasa. Saboda haka a 1981 aka haramta duk maganar da ba ta shafi aiki ba a ƙasa da ƙafa 10,000, wajen tashi da wajen sauka. Manufar ita ce ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya sa ido kan ma'auni, domin rayukan fasinja amana ne.