Ciyar da Ɗan Tsako Tun Yana Cikin Ƙwai

Ya ku 'yan kasuwa da dillalai, ga magana kan kajin gidan gona na nama.

A shekarar 2003 wasu malamai biyu, Uni ta Isra'ila da Ferket na Amurka, sunka yi rajistar wata dabara. Ran 17 ko 18 da sa ƙwai cikin injin ƙyanƙyasa, sai a huda ɓawo da allura, a zuba ruwan sukari da sinadaran gina jiki. Ɗan tsako shi haɗiye kafin shi fito ran 21.

Mu dai mun ga hikimar abin. 'Yan tsakin da ka zowa Tambuwal, Jabo da Kebbe galibi daga Ibadan aka ɗauko su, ta Kwantagora da Yawuri da Jega, cikin kwali, ba ci ba sha. Ga kazar da za a yanka cikin sati 6, yunwar kwana biyu ba ƙaramar asara ba ce.

Amma fa mu masu hatsi buhu muka buɗewa mu sa hannu. Ƙwai ko, wa ya ga cikinai? Kuma in ruwan ya cika kauri, ƙyanƙyasar ma raguwa take yi. Saboda haka duk wanda ya nemi ƙarin kuɗin kwali wai don an yi allura, ku ce a aza tsakin bisa sikeli ran isowa da ran bakwai, a gwada da na kwalin da ba a yi ma ba, sannan a yi ciniki. Masu masara kuma kada wanga labari shi sa ku karya farashi, don wajen rabin abincin kajin nan har yau masara ce.