Kada Tambarin i7 Ya Ruɗe Mu Wajen Sayen Kwamfutar Kiɗa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja kunnen 'yan uwana iyaye da ƙananan 'yan kasuwa, musamman waɗanda 'ya'yansu suka dame su da maganar sayen laftof don haɗa kiɗa da ɗaukar waƙa.

Ni dai sana'ata sayar da hatsi. Ɗana yana koyon aikin situdiyo wajen maigidansa, masu ɗaukar waƙoƙin biki da na talla. Da ya matsa mini, sai na sayar da buhun wake huɗu da tunkiya muka shiga birni. Mai shago ya nuna mana tambarin Core i7 a jikin wata 'yar tokumbo, ya ce, "Alhaji, ai bakwai ta fi biyar." Ni kuwa da lissafin kasuwa na ga haka ne, na biya.

Wallahi Malam Edita, ko mako ba a yi ba muka gane mun sayi wahala. Da yaro ya buɗe FL Studio ya ɗora ganga da fiyano da muryoyi, sai sauti ya riƙa kakkatsewa kamar kaset ɗin da ya sha rana. Fankar cikinta kuma ta yi ta gurnani har makirufo yana ɗauka.

Wani mai gyara ne ya wayar mini da kai. Ya ce furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kamar dabba take, sai an duba haƙori ake sanin shekaru. Haƙorin shi ne lambar da ke bin sunan. Tamu i7-2620M ce, lambar 2 ta farko tana nufin zubi na biyu, na shekarar 2011, kuma cibiyoyin aiki biyu kacal gare ta. Ita kuwa i5-8250U, zubi na takwas ta 2017, huɗu gare ta. Ashe biyar ɗin da na raina ta fi bakwai ɗina ƙarfi nesa ba kusa ba! Ga wani ƙarin takaici: tun 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafin yau da kullum ga Windows 10, Windows 11 kuma galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama take karɓa.

Saboda haka jama'a, kada a sayi ƙasa da zubi na takwas. RAM kada ta gaza giga 8, in da hali 16. Ma'ajiyar ta zama SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba. Kada a ɓata kuɗi kan kwamfutar 'yan wasan gem, kiɗa ba ya bukatar katin hoto mai tsada. Gara a sa rarar a akwatin sauti da ake jona makirufo. Mai ƙarfin aljihu yana iya neman MacBook Air mai M1 ta 2020, ba ta da fanka sam, sai dai ba a ƙara mata RAM daga baya. A kuma gwada batir, mun san halin wutarmu.

Ku kuma masu shago, don Allah ku ji tsoron Allah, ku bar yaro ya buɗe aikinsa mai nauyi a gabanku kafin a ƙirga kuɗi. Wanda ya hana gwaji, a bar masa kayansa.

Tamu dai mun sayar da ita da hasara ga wani mai buga takardu, kuma tana yi masa aiki lafiya lau. Yanzu na shiga adashi, sai bayan kaka za mu koma birni, wannan karon da mai gyaran a gaba.



Daga mai karatunku,
Kasuwar Dawanau, Kano.