Ƙarfin "Chi" Na 'Yan Kunfu: Ilmi Ne Ko Rufa-Ido?

Tun daga shekarun 1970, sa'ad da finafinan Bruce Lee suka cika gidajen silima, samari ba su daina gardama a kan 'yan kareti da 'yan kunfu ba. Akan ga mutum ya sa gefen hannu ya raba bulo gida biyu, ko kuwa ya tsaya a rafka masa sanda a ciki, ta karye, shi ko gezau. In an tambayi malaman wasan sai su ce chi ne, watau wani ɓoyayyen ƙarfi da ke zagaya jiki, wanda gwani ya ke tarawa ƙarƙashin cibiya, ya aika da shi inda ya ga dama. To, shin wannan abu yana da bayani a ilmin kimiyya? A ganina bajintar da ido ke gani tana da bayani gamsasshe, amma shi chi ɗin, a matsayin wani ƙarfi mai zaman kansa, har yau ba wanda ya auna shi.

Asalin ma'anar kalmar a harshen Sin numfashi ne, ko iska, ko tururi. Japanawa suna ce mata ki, ita ce a tsakiyar sunan wasan aikido. Wani tsohon littafin magani na Sin, Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa kimanin shekara 2,000 da suka wuce, ya ce chi yana bin manyan hanyoyi 12 a jikin mutum. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, don shi ma da kalma ɗaya, iska, ya ke kiran abin da ke kaɗa ganye da abin da a ke cewa ya hau kan ɗan bori. Mutanen dā sun lura in numfashi ya tsaya rai ya tafi, sai suka gina bayaninsu a kansa, gwargwadon kayan aikin zamaninsu. Amma likitoci sun feɗe jikin ɗan Adam ciki da bai, sun ga hanyoyin jini da jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, ba su ci karo da waɗannan hanyoyi 12 ba.

To, me ke fasa bulon? A 1979 wani masanin kimiyya na makarantar MIT ta Amurka, Michael Feld, wanda shi ma ɗan kareti ne, ya auna saran gwanaye shi da abokan aikinsa biyu. Suka tarar hannun gwani yana gudun mita 10 zuwa 14 a sakan ɗaya, watau kilomita 36 zuwa 50 a awa, yana kuma sauka da ƙarfin da ya yi kamar nauyin kilo 300, duk a ɗan wurin da bai kai faɗin tafi ba. Bugu da ƙari, akan ɗora bulon bisa matokara biyu, tsakiyarsa tana lilo. In sara ya sauka sai ya ɗan lanƙwashe, ya fara tsagewa daga ƙasa, domin siminti yana jure danni, ba ya jure ja. Ƙashi kuwa ya fi siminti jure lanƙwasa, kuma tun 1892 wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara kauri a inda a ke yawan aza masa nauyi. Wanda ya taɓa gaisawa da maƙeri ya san yadda aiki ke gina hannu.

Haka batun naushin nan da Bruce Lee ya nuna a Long Beach a 1964, inda ya tunkuɗe ƙato daga tazarar inci ɗaya. A 2012 masu bincike a Landan suka gwada gwanayen kareti 12 da waɗansu majiya ƙarfi 12 da ba su koyi wasan ba, kowa ya yi naushi daga tazarar santimita 5. Gwanayen suka fi, kuma fifikon ya fito ne daga yadda kafaɗarsu da wuyan hannunsu ke motsi a daidai lokacin da ya kamata. Hoton ƙwaƙwalwarsu ma ya nuna bambanci a sashen da ke wajen ƙeya, mai kula da daidaita motsi. Matar da ta ƙware a daka ta san wannan sirri, da ƙugu da baya ta ke sauke taɓarya, shi ya sa ta kan riga ƙaton saurayi kai tsaba gari. Ihun da ɗan wasa ke yi kuma yana ɗaure naman ciki tamau, ya tokare gadon baya, don haka sanda ta kan tarar da bango.

Saboda haka in malami ya ce wa almajirinsa ya saukar da chi ƙarƙashin cibiya, shawara ce mai kyau: ya sassauta kafaɗa, ya kafa ƙafa, ya ja numfashi daga ciki. Amfanin irin wannan horo tabbatacce ne. A 1996 an yi gwaji da tsofaffi 200 a birnin Atlanta, aka ga waɗanda suka koyi motsa jiki na taici haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu kusan da rabi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen masu cewa suna kā da mutum ba tare da sun taɓa shi ba. A 2005 gidan talabijin na National Geographic ya kawo wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Luigi Garlaschelli, gaban wani na hannun daman George Dillman, Ba'amurken da ya yi suna da wannan da'awa. Aka yi ta tura masa chi, yana tsaye ƙyam. Dillman ya ce wai mai yiwuwa ya ajiye harshensa ko babban yatsan ƙafarsa ta yadda zai warware abin. A 2017 kuma, a birnin Chengdu, ɗan dambe Xu Xiaodong ya kā da Wei Lei, malamin taici mai da'awar ƙarfin ɓoye, kafin a cika rabin minti. Almajiran irin waɗannan malamai suna zubewa ne don sun sa rai za su zube, ga kuma nauyin malam da idon jama'a. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Wani zai ce ai kimiyya ce ba ta ƙera na'urar da za ta gano chi ba tukuna. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba sai an san asalin abu a ke gwada aikinsa ba. Su Sinawan da kansu sun rubuta bayanin allurar maganaɗisu mai nuna kudu tun wajen 1088, ɗaruruwan shekaru kafin a fahimci dalilinta, kuma allurar tana juyawa a hannun wanda ya yarda da wanda bai yarda ba. Ƙarfin da sai an yi imani da shi ya ke aiki, a zuciyar mai imanin ya ke zaune.

Kada a ɗauki wannan gardamar zaure kawai, an yi asarar rayuka a kanta. Daga 1899 dubban samarin ƙauyukan arewacin Sin, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna 'Yan Dambe, suka tashi korar baƙin da suka danne ƙasarsu. Malamansu suka tabbatar musu da horo da tsafi harsashi ba zai huda su ba. A watan Agusta 1900 sojojin ƙasashe takwas suka shiga Bejin, aka karkashe su ba adadi, a 1901 kuma aka ɗora wa Sin tarar azurfa ma'aunin tayal miliyan 450. Fushinsu yana da dalili, amma bindiga ba ta san wannan ba. Mu da muka tashi muna jin kirarin 'yan tauri, in gemun ɗan'uwanmu ya kama wuta sai mu shafa wa namu ruwa.

Don haka, 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, wanda ya sami malamin kareti ko kunfu na ƙwarai ya koya, zai sami lafiya da ladabi da juriya. Amma duk wanda ya zo muku da da'awar wani ƙarfi, a fagen wasa ne ko a wajen sayar da magani, ku ce ya gwada shi a kan wanda bai yarda da shi ba, a gaban shaidu, ya kuma maimaita. In ya ƙi, ku riƙe kuɗinku da lafiyarku.