Ƙara wa lagireto ruwa ba gyara ba ne

Duk wanda ke bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu a watan Maris ko Afrilu ya saba ganin a-kori-kura cike da buhunan shinkafa a gefen titi, an ɗaga bonet, tururi na tashi, yaron mota na gudu da jarka neman ruwa. Direbobi kan ɗora laifin a kan rana, domin zafin yankin yakan haura digiri 40 a wannan lokaci. Amma sau da yawa rana tona asiri kawai take yi. Famfon ruwan injin ya daɗe da lalacewa, an ƙi canza shi.

Wannan famfo shi ke zagayawa da ruwa tsakanin inji da lagireto. Bel ne ke juya shi, kuma a cikinsa akwai farfela, da boris, da sil mai hana ruwa fita. Ba ya mutuwa farat ɗaya. Da farko ruwa zai riƙa tsatsowa ta ɗan ramin da ke ƙasansa ya bar busasshen tabo. Sai boris ya fara gurnani, fulin da bel ke bi ya riƙa rawa. Daga nan allurar zafi ta soma hawa duk lokacin da aka yi lodi.

A nan ne mai mota ya kamata ya tsaya. Maimakon haka sai a sayi jarka, kowace safiya a ƙara ruwan rijiya ko na gulbi. Wannan ruwa yana ɗauke da laka da gishirin ƙasa. Yana sa tsatsa, ya cinye farfela, ya goge sil, ya toshe bututun lagireto. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, wato kulan, yana da sinadarin hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa kamar tsurar ruwa.

Uzurin masu motoci ba na banza ba ne. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan gyara suka yi tsada, kuma ajiye mota a gareji lokacin girbin shinkafar rani asarar lodi ce, musamman yanzu da masana'antu irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu ke sayen shanshera. Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. Canza famfo aikin yini ɗaya ne. Idan kuwa injin dizal ya tafasa da kaya a kai, gasket na iya ƙonewa, kan inji ya karkace ko ya tsage. Wannan aikin kwanaki ne, kuɗinsa ya ninka na famfo sau da yawa, shinkafar manomi kuma tana jibge a fadama.

Makanikai ma da nasu alhakin. Bai dace a ɗaura jabun famfo don ya fi sauƙi ba, araha ba ta ado. A kankare tsohon gasket tas, a sa sabo, a wanke lagireto, a duba bel da murfin lagireto, a fitar da iskar da ta maƙale kafin a miƙa makulli. A daina cire tamostat a jefar da sunan maganin zafi. In ya lalace, a sa wani. Direba kuma kada ya buɗe murfi inji na tafasa, domin ruwan na iya tsartuwa ya ƙona fuska.

Lokacin yin wannan aiki shi ne sanyin hunturu, kafin bazara ta kama, kafin a fara yankan shinkafa. Motar da ke shan jarka guda kullum gareji ya kamata ta nufa, ba bakin gulbin Rima ba.