Sulhun da ba a tambayi bawa ba

Kafin ka yabi wani sulhu, bincika su wa suka zauna suka ƙulla shi, wa kuma aka bari a waje.

A 1820 majalisar dokokin Amurka ta lafar da rikicin Arewa da Kudu kan bauta. Aka karɓi Missouri a matsayin jihar bauta, Maine kuwa babu bauta, aka ja layi a taswira, aka haramta bautar a sauran yankunan da ke arewa da shi. A 1850 aka sake zama. Kalifoniya ta shigo babu bauta, amma ladan Kudu shi ne dokar kamo bayin da suka gudu. Dubi wannan doka da kyau: jami'in da ya mayar da mutum hannun ubangidansa dala 10 ake biyansa, in ya sallame shi dala 5, kuma wanda aka kamo ba shi da ikon ba da shaida.

A ganina wannan ciniki ne tsakanin 'yan siyasa, hajar kuwa 'yan Adam. Cikinsu har da Umar bin Sa'id, masanin nan na Futa Toro, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana bawa a Karolina ta Arewa.

Cinikin ma bai ɗore ba. Dokar Kansas-Nebraska ta 1854 ta share layin. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, lokacin bayi sun kusa miliyan 4, ya lashe rayuka sama da 600,000. Umar ya rasu cikin bauta tun ba a gama yaƙin ba.