Me ya sa ƙwai ke zama baragurbi ko da injin ƙyanƙyasa lafiyarsa ƙalau?

Tsadar 'yan tsaki ta sa ƙananan masu kiwo da dama a Arewa sun koma sayen ƙaramin injin ƙyanƙyasa, suna zuba ƙwan kajinsu na gida. Idan kwana 21 suka cika aka ga baragurbi ya yi yawa, laifin kan faɗa kan ɗaukewar wuta ko zafin injin, kuma sau da yawa hakan ne. Sai dai akwai abin da ba a cika dubawa ba, wato zakaran da ke barbarar kajin.

Kowane ɗan tsako na gadon ƙwayoyin halitta kashi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wasu ƙwayoyin na ɗauke da lahani, amma ba sa kisa sai an gaje su ta ɓangarorin biyu. Kajin Chabo na ƙasar Japan masu gajerun ƙafafu misali ne da masana suka daɗe da sani: idan aka haɗa zakara da kaza masu wannan siffa, kusan ɗaya cikin kowane ƙwai huɗu na mutuwa tun a kwanakin farko. Kajin Araucana na Chile masu tukkun gashi a kunne su ma haka, sai dai nasu tsakon kan mutu gab da fasa ɓawo.

A garken gida, inda zakara ɗaya ke shekaru yana barbarar 'ya'yansa da jikokinsa, irin wannan haɗuwa ta ɓoyayyen lahani ce ke ƙaruwa sannu a hankali. Mai kiwo ba ya ganin komai a jikin kajin, ƙyanƙyasa ce kawai ke ja baya.

Shi ya sa masu samar da iri, irin su cibiyar NAPRI da ke Shika a Zariya wadda ta fitar da Shika Brown, ke ajiye zuri'ar uwa daban da ta uba kafin su haɗa su. Wanda ya tara ƙwan irin waɗannan kaji ya ci gaba da ƙyanƙyasa a tsakaninsu, yana warware aikin ne da hannunsa.

Gyaran bai kai kuɗin sabon inji ba: a sauya zakara daga wani gari duk shekara, a kuma haska ƙwai da tocila a kwana na bakwai zuwa goma. Wanda ya fito garau, galibi ba a barbare shi ba. Mai zoben jini kuwa ya fara rayuwa ne ya mutu.